Sammacin Lahira

An yanke wa Jatau hukuncin rataya, wai ya kashe Nomau ya sace sansa. Ya ɗaukaka ƙara.

"Allah gafarta Malam, kyakkyawan wuyan nan za a ba igiya? Ban taɓa bawan Allahn nan ba!"

Alƙali ya ce, "To, Nomau ya zo ya wanke ka da bakinsa."

"Na yarda. Sai dai tunda nake, ban ga wanda ake tuhuma ya kai sammaci ba. Aikin masinjan kotu ne. A tura shi lahira, ina jira."

Masinja, surukin alƙali ne kuwa, ya juyo ya zuba wa alƙali ido.

Alƙali ya yi gyaran murya. "An ɗage rataya sai shaida ya iso."

Jatau ya gyara hularsa. "Kada a gaggauta shi, Malam."