Cokali Biyu na Gyaɗa

A cikin masu karanta wannan rubutu akwai waɗanda in uwa ta ce ɗanta ba ya cin abu kaza, sai sun ba shi a ɓoye don su ƙaryata ta. Kun san kanku. Ku gyara zama, da ku nake.

Akwai wata mata da dangi ke kira Gwana, saboda hannunta a girki. Ta iya, ba ƙarya. Aibinta ɗaya, ba a yi mata gyara a kicin.

Ƙaninta yana da 'ya ɗaya tilo, Mitsila, 'yar shekara biyar. Jikin yarinyar ba ya shiri da gyaɗa. Likita ya ja kunne, ko lasa kada ta yi.

Wata Asabar da hantsi Gwana ta je gidan, ta tarar matar ƙanin nata tana fama da giranola, abin nan da ake yi wa yara na zuwa makaranta ba tare da an ɗora a wuta ba. Ots ne, wato wani hatsin Turawa, da zabibi da dabino da zuma, a cakuɗa, a danne a faranti, a sa a firji ya kama jikinsa, a yanka sala-sala. Nata kuwa duk ya wargaje.

"Amarya, wannan na kaji ne ko na mutane? Ina niƙaƙƙiyar gyaɗar da za ta riƙe shi?"

"Yaya, ai kin san Mitsila."

"Na san iyayinku dai. Mu da gyaɗa aka yaye mu, ga mu nan garau. Kawo kayan in yi a gida."

"Don Allah Yaya, ban da gyaɗa."

"Na ji, likita."

Da ta koma gida, ta buɗe kwalbar niƙaƙƙiyar gyaɗa ta zuba cokali biyu, ta barbaɗa kirfa don ta ɓoye ƙamshin. Ba mugunta ta nufa ba. So take yarinyar ta cinye, sannan ta kalli uwar ta ce, to yanzu fa?

Washegari ta dawo da shi a yanke, reras, ko ɓarɓashi babu.

"Da me kika riƙe shi haka, Yaya?"

"Dabino na markaɗa."

Mitsila ta gatsa. "Goggo, da daɗi."

Gwana ta buɗe baki ke nan za ta yi gorinta, sai ta ga yarinyar tana susar wuya. Leɓenta ya fara kumbura, numfashinta ya koma kamar fito.

Uwar ta riƙe ta. "Yaya, me kika sa a ciki?"

"Ba komai. Zabibi ne ya shaƙe ta."

Kun ji fa. Yarinya na neman iska, ita tana nema wa girmanta mafita. Uwar ta yarda, ta yi ta bubbuga bayan 'yarta, maganin gaggawar da likita ya ba su yana cikin durowa ba a taɓa ba. Sai da jikin Mitsila ya saki kafin Gwana ta ce, "Cokali biyu ne kawai."

Kwana huɗu yarinyar ta yi a asibiti, na'ura na taya ta numfashi. Allah ya yi da sauran kwananta.

Ƙanin bai zagi yayarsa ba. Ya kawo mata farantinta a wanke, ya ajiye a bakin ƙofa, ya ce, "Ga kayanki, Yaya." Bai shiga ba.

Yau shekara biyu ke nan. In dangi suka haɗu Gwana ta miƙa wa Mitsila ko da ruwa ne, sai yarinyar ta kai hannuwanta baya, ta kalli uwarta. Sunan Gwana ma an daina kira.

Darasi: In iyaye suka ce ɗansu ba ya cin abu, ka bari, ko da kana ganin iyayi ne. Jikin ɗan wani ba wurin gwada gaskiyarka ba ne. In kuma ka yi kuskure, faɗi tun da sauran numfashi. Ku tura wa Gwanar danginku ta karanta. Wanda ya ce su ba su da ita, ya fito ya ƙaryata ni.