Wasalin da Ya Kashe Mudi

A wani zamani can baya, magatakardan wani Sarki ya rasu, Sarki ya sa aka yi shela cewa duk malamin da ke da ɗa mai karatu ya kawo shi fada a gwada.

Shelar nan ta dami wani malami, Malam Tanimu. 'Ya'ya biyu Allah ya ba shi. Babban, Mudi, ya mutu a kurkuku shekara goma sha biyu da suka wuce, don tsohon Sarki, mahaifin na yanzu, ya aiko da takarda daga wurin yaƙin da bai dawo ba, Waziri Makau ya karanta wa fada: “Mudi, a ɗaure shi, ya cancanci haka.” Ƙaramin kuwa, Ilu, tun yana ɗan shekara bakwai ba rubutun da ke gagararsa, amma daga mutuwar wansa kansa ya toshe. Malam ya yi duka, ya yi rubutun sha, har ya kai ga ce masa, “Da kai Allah ya ɗauka ya bar mini Mudi.” Ilu dai sai ya sunkuyar da kai.

Duk da haka Malam ya ja shi fada, zuciya na tafasa. Waziri na ganinsu ya tuntsire da dariya, ya ce, “Malam, har da wannan?”

Aka buɗe adakar takardun tsohon Sarki, samari suka yi ta karantawa. Da aka zo kan Ilu, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, “Allah ya ba ka nasara, a ba ni ta Mudi.” Malam ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ilu ya karanta ta tiryan-tiryan, ko numfashi bai ja ba. Ya ce, “Ranka ya daɗe, dubi takardun mahaifinka duka. Bai taɓa sa wa rubutu wasali ba. A nan ma kalma ɗaya tak ke da shi, tawadar kuma ba iri ɗaya ba ce. A ajami, in ba wasali, ɗaure da ɗora baƙaƙensu ɗaya ne. Cewa ya yi a ɗora Mudi kan kujerar alƙali, wadda Waziri ya ba nasa ƙanen. Ran da manzon da ya kawo ta ya tsaya shan ruwa ƙofar gidanmu na leƙa takardar, ba wasali ko ɗaya. Da Waziri ya san na karanta ta, da tuni na bi Mudi, shi ya sa na yi kamar kaina ya toshe.”

Sarki ya duba, ya sake dubawa.

Sarki ya ce, “Kai ne magatakarda. Rubuta hukuncinsa.”

Ilu ya rubuta sunan Waziri da baƙaƙen nan tsirara, ya miƙa masa alƙalami, ya ce, “Sa wasalin, ai ka saba.” Waziri ya sa wasalin ɗaure, dogarai suka buga masa marin ƙarfen da Mudi ya mutu a ciki.

A hanyar gida Malam Tanimu ya kama hannun ɗansa, hawaye na zuba, ya ce, “Ɗana, don me ba ka gaya mini ba?”

Ilu ya zare hannunsa a hankali, ya ce, “Baba, ran nan kana fada, aka miƙa maka takardar ka gani. Ba ka duba ba.”