Cinikin Cilakowa da Tsohuwar Kuka

Dalilin da ya sa macen cilakowa take yaɓe kanta a kogon itace, ku zauna ku ji, don ni ba na maimaita magana.

Da can a kan reshe take sheƙa, ganye ya rufe ta. Sai aka yi fari shekara uku a jere. Ganye ya zube, daji ya koma fili, shaho yana hango komai daga sama. Sau biyu tana ƙyanƙyasa, sau biyu yana kwashewa. Sauran tsuntsaye suka yi kudu. Ita kuwa ƙwai ya riga ya yi mata nauyi, ba ta iya doguwar tafiya.

Ta je wurin wata tsohuwar kuka mai kogo, wadda ta rage ita kaɗai a fili.

"Iya, ba ni aron kogonki in yi ƙwai."

Kuka ta ce, "Duk wanda ya zauna a jikina ya tashi, ko sallama babu. In za ki shiga, sai dai har abada."

"Ya yi yawa, Iya. Kwana bakwai."

"Bakwai? 'Yar nan, raini ne? Shekara."

"Shekara, sai ka ce na yi kisan kai? Wata biyu, kuma duk damina in dawo. In bai yi miki ba, a huta lafiya."

Ta juya kamar mai wurin zuwa, alhali babu.

"Dawo, na sallama. Amma me zai hana ki gudu kamar su?"

Cilakowa ta juyo. Ta shiga kogon, ta fige gashin fukafukanta da na jela, ta shimfiɗa. Mijinta ya yi ta ɗebo laka daga ɗan tafkin da ya rage, tana yaɓe ƙofar da baki, har ya rage 'yar tsaga.

Mijin ya leƙa, bai ga komai ba. "Yanzu ta ina zan riƙa ganinki?"

"Ba ganina za ka yi ba, maigida. Miƙo fara kawai."

Shaho ya yi ta shawagi, ya gaji ya tafi. 'Ya'ya huɗu suka rayu. Uwarsu kuwa wata biyu tana cikin duhu, jiki ba gashi, ba ta ganin kowa sai bakin da ke miƙo fara. Sai da sabon gashi ya tsiro ta fasa lakar.

Shi ya sa har yau, in kun ga tsaga a jikin itace da baki yana leƙowa, kada ku zura sanda. Akwai uwa a ciki, ita kaɗai, tana ƙirga kwanakinta.