Maɗacin Tsakar Gidan Inna

Akwai wani masassaƙi da ake ce wa Gwani, wanda hannunsa ya iya itace ƙwarai, shi ma kuma ya san da haka. Idan aka yaba aikin wani a gabansa, sai ya taɓe baki ya ce, "Wannan ai faskare ne."

Wata shekara masu kula da babban lambun shaƙatawa na garinsu suka nemi ya sassaƙa musu abin da za a kafa a fili, wanda zai tuna wa mutane amanar da ke tsakaninsu da itatuwa. Gwani ya zana manyan hannaye biyu riƙe da sheƙar tsuntsu. Kowa ya yaba. Saura itacen da zai ɗauki aikin.

Ya zaga wurin masu katako, bai samu gungumen da ya yi masa ba. Sai ran nan ya je gaida mahaifiyarsa, ya tsaya yana kallon maɗacin da ke tsakar gidanta.

Marigayi babansu ne ya dasa shi. A ƙarƙashinsa Inna take wuni, maƙwabtanta tsofaffi suna zuwa da tabarminsu ana hira har la'asar.

"Inna, saiwar nan fa za ta tsaga miki bango," in ji shi.

"Bangon ne ya kawo maka ƙara?" Ta yi dariya. "Bar min abina."

Ya yi mata sallama ya tafi. Amma da ƙanwarsa Auta ta kwanta rashin lafiya, Inna ta koma gidanta jinya, sai ya kawo masu injin yanka. Kafin rana ta yi tsaka, maɗaci yana ƙasa. Sheƙuna suka zube da ƙwai a ciki. Ya sa aka share.

Da Inna ta dawo, ta daɗe tsaye a bakin kututturen, jakarta a hannu. Ya soma zancen bango da saiwa. Ta ce, "To." Ta shige ɗaki.

Wannan "to" ɗin ta ɗan dame shi, amma aiki ya ɗauke masa hankali. Ya jira itacen ya sha iska, ya shiga sassaƙa, ya yi wata da watanni bai leƙa gidan ba. Aiki kuwa ya yi kyau. Har jijiyoyin bayan hannun ana gani.

Ranar buɗewa lambun ya cika. Auta ta zo da Inna, suka zauna a gaba. Aka yaye ƙyalle, wuri ya ɗauki tafi. Gwani ya karɓi abin magana ya ce itace uwa ce, wanda ya sare ta ya sare kansa.

Wata 'yar jarida ta tambaye shi, "Ranka ya daɗe, a ina ka samu gungume mai girma haka?"

Bai ko ƙifta ido ba ya ce, "Iska ce ta kayar da shi. Ni ba na taɓa itace mai rai."

Aka sake tafi. Yana juyowa suka haɗa ido da Inna.

Auta ta yunƙura za ta miƙe, Inna ta riƙe mata mayafi. Da taro ya watse, tsohuwar ta tako a hankali ta shafa gindin aikin. Wani dattijo da ke kusa ya ce, "Baba, kin haifi ɗa. Amma iskar da ta kayar da wannan ba ƙarama ba ce."

"Babba ce kam," in ji Inna. "Na san ta tun tana rarrafe."

Dattijon ya yi dariya bai gane ba. Gwani kuwa ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Washegari da rana ya tafi gidan. Tsakar gida fayau, zafi kamar bakin murhu. Ya tarar da Inna ta raɓe a 'yar siririyar inuwar bango, ita kaɗai. Yana tsaye ta jawo tabarmar ta matsa, saboda rana ta cim mata ƙafa.

"Ina su Gwaggo da kuke hira?"

"Wa zai zo ya gasa kansa? Sun koma ƙofar gidan mai ɗinki, can akwai inuwa. Ni kuma gwiwa ba ta kai ni."

Ya durƙusa a kan ƙasar mai zafi. "Inna, na cuce ki. Na yi ƙarya kuma a gabanki. Me ya sa ba ki tona ni ba?"

"In tona ka in tona wa? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Ta gyara ɗaurin kallabinta. "Na yafe maka tun ranar. Sai dai yafiya ba ta yin inuwa, ɗan nan."

Ya koma ya gaya wa masu lambun gaskiya. Ba su cire aikin ba, amma ba su sake kiransa ba. Ya kafa wa Inna rumfa, ya dasa ɗan maɗaci kusa da kututturen. Da ta ga tsiron sai ta yi murmushi ta ce, "Wannan na jikokinka ne. Ka gaya musu wa ya sa suka jira."

Har yau mutane suna tsayawa ɗaukar hoto a gaban hannayen nan biyu. Gwani kuwa, in hanya ta biyo da shi ta lambun, sai ya zagaya ta bayan kasuwa.

Darasi: Kada neman yabon mutanen waje ya sa ka rushe abin da na gida suke fakewa a ƙarƙashinsa. Itacen da ya yi shekaru yana girma, wuni ɗaya ake sare shi, kuma ban haƙuri ba ya mayar da shi. Wanda zai yi wa duniya wa'azin amana, ya fara riƙe ta tsakar gidansu. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai gatari a hannu da zai karanta ya ajiye.