Facin Irmiya da Tambayoyin da Suka Ɓace

Akwai wani mai gyaran kwamfuta a Suleja, wajajen 1998, sunansa Irmiya. Gwani ne, ba na ja, amma ko shayi a tsaye yake sha, ido na kan hanyar Abuja, inda ofis ɗinsu yake.

Hajiya Lauratu tana da maɗaba'a, da wata tsohuwar na'urar buga takardu wadda kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da rufewa. Da ta sayo sabuwar kwamfuta, sai kwamfutar ta ƙi gane na'urar. Ga takardun jarrabawar wata makaranta a Izom suna jira, ɗalibai ɗari uku za su zauna ranar Litinin.

Aka kira Irmiya, ya shiga can cikin tushen manhajar kwamfutar, ya yi mata faci, wato ɗan gyaran da zai sa ta iya magana da na'urar. Ya buga shafi ɗaya, ya fito tas. Ya saɓi jaka.

"Irmiya, ka zauna mana a gwada kamar shafi ɗari," in ji Hajiya. "A kuma gwada da janareto. Nan ba ofis ɗinku na Abuja ba ne, wuta zuwa take tana tafiya."

"Hajiya, shafi ɗaya shi ne shafi dubu. Ni fa zan rasa mota."

Ya wuce fuuu.

Ranar Asabar ana cikin bugu aka ɗauke wuta, aka tayar da janareto. Na'urar ta ci gaba da aiki kamar ba komai, ashe tun daga nan take haɗiye ƙasan kowane shafi. Aka duba na sama, waɗanda aka buga kafin a ɗauke wuta, aka ɗaure, aka kai Izom.

Litinin da safe yara suka buɗe takardu, tambaya ta bakwai zuwa ta goma babu su. Aka ɗage jarrabawar. Malam Cletus, hedimasta, ya dawo da ɗaurin takardun ya dire gaban Hajiya, ko gaisuwa babu. Wallahi ta ban tausayi, shekara tara take yi musu aiki.

Ta aika aka kira Irmiya. Ba ta yi masa faɗa ba, kujera kawai ta jawo masa.

Wanda ya ƙi zaman awa ɗaya, kwana uku ya yi a kujerar nan, ana kashe wuta ana kunnawa, yana karanta kowane shafi har ƙasa.

Darasi: Gyaran da ba a gwada shi a inda zai yi aiki ba, bai zama gyara ba tukuna. Sauri ya haifi nawa. Ku tura wa duk wani gwani mai gaggawa da kuka sani.