Ƙafafun da Aka Riga Aka Wanke

An ce wani sarki ne a wata ƙasa ta masu bin Almasihu, tsufa ya kama shi, tsoron mutuwa ya hana shi sakat. Abu ɗaya ke cin ransa: ko zai sami ceto? Da yake ya ji Yesu ya wanke ƙafafun almajiransa, sai ya kafa al'ada, kowace shekara ran Alhamis kafin Ista, bikin tashin Almasihu daga matattu, a kawo masa matalauta goma sha biyu ya wanke musu ƙafa, ko ya sami shiga Mulkin Sama.

Fadawa kuwa, bayin Allah masu tausayin hannun sarki, sukan tsare matalautan tun a zaure, su dirje musu ƙafa da dutse da sabulu, su yanke farce, su shafa turare. Sarki ya fito ya ɗiga ruwa, ya goge da ƙyalle, maroƙa su yi ta kirari, wai ba a taɓa ganin tawali'u irin wannan ba.

Wata shekara aka kawo wani tsoho mai hikima, Irmiya, mai kwaɓa ƙasar gini. Ya ƙi yarda a taɓa shi a zaure. Ya shigo ya miƙa ƙafafu duk laka da faso.

Sarki ya ja da baya, ya ce, "Wa ya bar wannan ya shigo haka?"

Irmiya ya ce, "Ya sarki, ji na yi wanki za a yi, shi ya sa na zo da dauɗata. Ashe a gidan nan mai tsabta ake wankewa."

Sarki ya haɗiye fushi, don tsoronsa ya fi fushin yawa. Ya ce, "Dattijo, shekara ashirin ina wannan aiki. Ya isa ya buɗe mini ƙofar sama?"

"Ranka ya daɗe, in aikin nan na buɗe ta, fadawanka ne za su shiga. Amma ko da hannunka ka yi, ba da shi ake shiga ba. So kake ka dirje kanka, ka shafa turare, sannan ka miƙa wa Almasihu ƙafa ya yaba maka. Shi kuwa saboda masu laka ya mutu. Ceto alheri ne, kyauta, bangaskiya kuma ita ce ka miƙa ƙafar yadda take."

"To, ayyuka nagari fa, na mene ne?"

"Ya sarki, wanda aka wanke ba ya iya ganin ɗan'uwansa cikin laka ya wuce. Ba don a karɓe shi yake yi ba, an riga an karɓe shi."

Kunya ta rufe sarki, tare da wani sauƙin zuciya da ya daɗe bai ji ba. Ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara, ya yi ta kankare lakar da farcensa har aka sake ruwa sau uku. Maroƙa suka rasa kirarin da ya dace.

Da ya miƙe, ya dubi fadawa ya ce, "Sarkin da Allah ya karɓa da dauɗarsa, ba adalci ba ne ya ƙi talaka saboda tasa."