Misalin Ƙibar Safiya Ɗaya

'Yan'uwa, kafin mu shiga darasin wannan mako ina da ƙara, kuma ina so a saurare ni. Tun da aka aza harsashin majami'ar nan, ban ji an wulaƙanta malamin makarantar Lahadi kamar yadda ake wulaƙanta ni ba. Wanda nake ƙara kuwa kun san shi. Ƙafafunsa huɗu, kunnensa ɗaya baƙi, tsawonsa bai kai gwiwata ba. Ɗan ragon nan ne da ke bina.

In na nufi kasuwa, yana bayana. In na je dubiya, yana bakin ƙofa yana shaida wa unguwa cewa na iso. Lahadin da ta wuce ina tsaye ina koyarwa, na kai daidai wurin da na san zai taɓa zukata, har na ɗaga yatsa, sai ya leƙo ta ƙofa ya saki kuka. Dukanku kuka fashe da dariya. Mama Afiniki, shugabar zumuntar mata, wadda ya kamata ta tsawata wa yara, ita ce kan gaba, har da share hawaye da bakin gyale. Da aka tashi ina gaisawa da Fasto, ashe yana bayana yana tauna bakin babbar rigata, wadda kowa ya san babu irin aikinta a garin nan. Na kai kuka gida. Uwargida ta dubi rigar, ta dubi ɗan ragon, ta ce, "Maigida, ka ba shi madararsa kuwa?" Ko sannu ban samu ba.

To, na ajiye ƙarata a gabanku, za mu komo kanta. Ga misalin yau.

Akwai wani mutum wanda ya yi yawancin shekarunsa a birni yana ɗinki. Mutum ne mai fasali, mai iya magana, wannan kowa ya shaida. Da idonsa ya fara gajiya da zare da allura, sai ya ɗauki matarsa suka koma gonar mahaifinsa. Shi bai san noma ba, ita ma ba ta san kiwo ba. Gonar kuwa ta gaji, ƙasarta ta yi fari, ruwan sama ya tsattsaga ta.

Sai malamin gona ya ce musu su shuka wani irin wake mai yaɗo a tsakanin masara, domin ya rufe ƙasa, ya tare rana, ya hana ruwa kwashe ta. Ya ce in an cire masara waken zai zauna ɗanye shar, tumaki su ci, su bar taki a wurin. Ya kuma ba su ka'ida: "Ku fara ba su busasshen abinci a gida. Ku jira raɓa ta bushe. Sa'an nan ku sake su a ɗan yanki, ba dukan gonar ba."

Suka sayi 'yan tumaki kaɗan da rago guda. Matar kuwa tana da tata tunkiya, fara mai baƙin kunne, wadda yayarta ta ba ta ranar da suka bar birni. Ta sa mata suna Kyauta. In matar ta fito da kwarya, Kyauta ce ke fara zuwa. In ta zauna tsince wake, Kyauta na kwance kusa da ƙafarta tana tuƙa.

A shekarar fari sun yi kurakurai irin na masu koyo. Sun bar tumakin a yanki ɗaya har suka cinye waken ƙarƙaf, ƙasa ta koma tsirara. Sun kafa shinge da kara, tumakin suka ci shingen. Kowane kuskure sukan zauna da yamma su yi wa juna dariya, su gyara. Suka koyi yin shinge da sanduna, suna matsar da shi gaba kaɗan kaɗan. Shekara ta juyo, ƙasar ta fara yin duhu, tumakin suka yi kyau, Kyauta ta haifi ɗa namiji mai kunne irin nata.

Mutumin nan yana da maƙwabci. A ranar godiyar kaka ta bara, maƙwabcin ya kai rago majami'a, mutane suka yi ta cewa, "Kai, wannan rago!" Maganar ta zauna wa mutumin a rai shekara guda. Da ranar godiya ta sake matsowa, ya yi alkawarin zai ba da nasa ragon. Yakan tsaya ya dube shi, ya leƙa ta kan danga ya dubi na maƙwabci, ya ga nasa bai kai ba. Da sauƙi bambancin, amma bai kai ba.

Sai ya ce a ransa, "Ni da na iya sa wa siririn mutum riga ya fito kamar mai gari, rago ne zai gagare ni? In ya wuni da yunwa ranar Asabar, na sake shi cikin waken nan da sassafen Lahadi, zai ci har cikinsa ya fito. Kafin ya sace an gama sujada." Ya tuna ka'idar malamin gona, amma ya ce, "Ai don kada a cinye waken ne aka faɗi haka. Safiya ɗaya ba za ta kashe gona ba." Bai taɓa tambaya ko ka'idar don gona aka yi ta ko don tumaki ba.

Ranar Asabar matar za ta tafi majami'a, wurin shara da girkin biki tare da sauran mata. Ta sauko da damin harawa daga rumfa, ta ajiye a bakin garke, ta ce, "Maigida, ga abincinsu. Ka kwance ka zuba musu, ka haɗa da dusa."

Ya ce, "Je ki abinki. Yau za su ga gata."

Da ta fita, ya ɗauki damin ya tura shi bayan rumbu. Tun da a komin abinci ɗaya suke ci, ba yadda zai hana rago ya ba saura, sai ya hana su duka. Suka wuni suna kuka. Matar ta dawo a gajiye, ta ce, "Me ya same su?" Ya ce, "Murnar biki ce." Ta yi dariya ta shige ɗaki.

Da gari ya waye, raɓa ta kwanta a kan ganye kamar an yi yayyafi, ya je ya buɗe ƙofa domin rago kaɗai ya fita. Amma masu yunwa ba su san layi ba. Suka ture shi, suka tsallake ɗan shingen, suka faɗa tsakiyar gona inda waken ya fi laushi. Kyauta ce kan gaba, gama mai shayarwa ta fi kowa jin yunwa. Ya ce, "To, ku ci, yau ranar godiya ce." Ya koma ya yi wanka, ya sa babbar riga.

Da ya fito, sai ya ga cikin ragon ya taso, ya yi tim. Murna ta kama shi. Ya kira matarsa, "Zo ki ga ikon kiwo! Yau maƙwabci zai san an dawo daga birni."

Ta fito tana ɗaura ɗankwali. Ta dubi ragon, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Maigida, ƙiba takan fito gefe ɗaya ne?" Gama gefen hagu ne kaɗai ya taso. Ta buga shi da yatsa, ya yi ƙara kamar ganga. Ragon ya buɗe ƙafafu, yana numfashi da baki. Ta ɗaga kai tana neman Kyauta, sai ta hange ta kwance cikin wake, tana shure-shure, ɗanta yana zagaya ta.

Ihun matar ne ya kawo maƙwabcin, shi ma cikin kayan sujada. Bai tsaya cire riga ba. Matar ta ruga ta ɗauko man gyaɗan da ta ajiye don miya, suka ɗura wa rago, suka ɗura wa Kyauta, suka ta da su tsaye suna murza musu ciki. Ƙararrawar majami'a ta kaɗa, ba wanda ya waiwaya. Can ragon ya yi gyatsa, ya sake yi, cikinsa ya fara sauka. Sauran tumakin ma suka sha da ƙyar. Kyauta kuwa ta sake faɗuwa.

Maƙwabcin ya ce, "Mama, a kawo wuƙa, kada a yi hasara biyu."

Ta ce, "A'a, Baba, za ta tashi. Ku ɗan jira." Ta zauna a ƙasa da sabon zanenta, ta ɗora kan tunkiyar a cinya tana kiran sunanta. Suka jira. Ba ta tashi ba.

Daga nesa ana jin mawaƙa sun fara waƙar shiga da baiko. Maƙwabcin ya share hannu a rigarsa da ta riga ta ɓaci, ya ce, "Abin mamaki. Kamar waɗanda suka kwana da yunwa." Mutumin ya ce, "Ikon Allah." Abin da ya iya faɗa ke nan, shi mai iya magana.

Suka haƙa rami a bayan rumbu domin su binne ta. A nan matar ta ga damin harawa. Ta sunkuya ta taɓa igiyar. Ta ce, "Ɗaurina ne wannan." Ta ɗauki ɗan ragon ta shiga gida. Ranar nan ba rago, ba hatsi, ba kowa daga gidan da ya je gaban Ubangiji da godiya. Maƙwabcin ma, wanda aka so a kunyata, bai ga lokacin da 'ya'yansa suka miƙa nasa ragon ba, yana can yana taya haƙa.

Ma'anar wannan misali ita ce, akwai ƙiba, akwai kumburi, kuma daga nesa kama suke yi. Ƙiba a hankali take zuwa, da harawar yau da ta gobe, da jiran raɓa ta bushe, da matsar da shinge taki kaɗan, ba mai gani, ba mai tafa maka. Kumburi kuwa safiya ɗaya ya ishe shi, kuma iska ce kawai a ciki. Haka yake da addu'armu, da bayarwarmu, da kirkin da muke yi. Wani yakan bar ransa da yunwa dukan mako, ba Maganar Allah, ba addu'a, ba alheri ga na cikin gida, sa'an nan ran Lahadi ya cika ya batse don a gani. Ubangiji ba daga nesa yake duba ba. Yakan matso ya buga da yatsa.

Ku lura kuma, kuskuren mai koyo ba abin kunya ba ne. Shingen kara da tumaki suka ci, dariya aka yi, aka gyara. Amma mutumin nan bai yi wannan a gaban matarsa ba, sai da ya jira ta fita, ya kuma ɓoye damin. Duk abin da sai ka tura shi bayan rumbu kafin ka aikata, ka riga ka san sunansa. Ka'idar da ya ɗauka an kafa ta don a tsare gona daga tumaki, ashe don a tsare ran tumakin ne. Umarnan Allah ma haka suke, yara. Ba don ya hana ku ɗanyen ganye ba ne.

Abin da ya fi mini ciwo a misalin nan shi ne, ragon da aka yi dabarar dominsa ya rayu, mai dabarar ma ko ciwon kai bai yi ba. Wadda ta mutu ba ta shiga gasa da kowa ba, wadda ta yi kuka kuma ba a yi shawara da ita ba. Girman kanmu ba kullum a kanmu yake sauka ba. Sau da yawa a cinyar wanda ya amince da mu yake faɗuwa. Matar ta gafarta masa, gama mai tsoron Allah ce. Amma har yau in ta zauna tsince wake takan matsar da ƙafarta gefe, kamar mai ba wani wuri. Gafara ba ta ta da tunkiya.

Abu ɗaya kawai ta ɗora masa. Kashegari ta miƙa masa bulumboti, kwalbar shayar da jarirai, da madara, ta ce, "Ba shi da uwa. Kai ne." Tun daga ranar, safe da rana da yamma, shi ke durƙusawa ya shayar da maraya, kaɗan kaɗan, gama in aka ba shi da yawa a lokaci guda shi ma cikinsa zai kumbura. A hannun ɗan rago ya koyi abin da malamin gona ya faɗa masa tun fari.

Yanzu sai batun ƙarata. Na ga Mama Afiniki tun ɗazu tana kallon rufi tana danne baki, to, ba sai ta wahala ba. Kada kowa ya tambaye ni sunan mutumin nan. Uwargidana ta san shi, ita ke tuƙa masa tuwo. Na janye ƙarar. Ɗan ragon ba raini yake yi mini ba. Yana bina ne domin ni na sa ba shi da wadda zai bi. In kun sake jin kukansa a bakin ƙofa ina cikin koyarwa, ku yi dariyarku, na yarda. Amma ku bar ni in fita, lokacin madararsa ne.